Lookout, Seeing AI, Be My Eyes ko tabarau mai kyamara: wanne ya dace da mai lalurar gani a wajenmu?

Idan iyali suka ga bidiyon makaho sanye da tabarau yana karanta masa takarda, tambayar da ke fara fitowa ita ce nawa ne, kuma a ina ake sayarwa. Tambayar ta yi sauri. Kayan da ake tarawa a ƙarƙashin suna ɗaya, wato ƙirƙirarriyar basira ta taimakon masu lalurar gani, ba aiki ɗaya suke yi ba. Wasu karatu suke yi, abin da ke rubuce shi suke faɗa. Wasu siffantawa suke yi, su dubi hoto su ba da labarinsa da nasu kalmomin. Wasu kuma haɗa ka suke yi da mutum mai ido. Kowanne da irin kuskurensa, kuma a ganina ma'aunin zaɓi shi ne: idan abin nan ya yi kuskure, me za ka rasa? Launin hula da adadin ƙwayar magani ba ɗaya ba ne.

Kafin komai, a je asibitin ido. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, mutum kimanin miliyan 1.13, kuma abin ya fi yawa a Arewa maso Gabas, inda ya kai kashi 6.1. Yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin ɗari na wannan makanta, alhali aikin cire yana ba ya ɗaukar dogon lokaci, kuma ana yin sa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da wasu wurare da dama. Wanda yana ce ta rufe masa ido, likita yake buƙata kafin manhaja. Maganar da ke tafe ta wanda likita ya riga ya duba ce, kamar mai hawan jinin ido da ya riga ya cinye jijiya, ko wanda aka haifa da lalurar.

Tushen komai waya ce da manhajar da ke karanta abin da ke kan fuskarta. A wayar Android sunanta TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver, dukansu a cikin waya suke, ba a biyan ko sisi. Mutane kan tsallake wannan su faɗa kan sabbin abubuwa, amma wanda bai iya shafa waya da TalkBack ba, ba zai iya buɗe Lookout ba balle ya yi aiki da ita. Koyon yana ɗaukar makonni, kuma mafi sauƙin hanya ita ce a zauna da makahon da ya riga ya iya. Malamai a makarantun masu buƙata ta musamman da rassan Ƙungiyar Makafi ta Najeriya sun fi duk wani mai sayar da waya sanin wannan. A zaɓen waya kuma, abin dubawa shi ne kyamarar baya mai saita kanta, da batir mai ɗaukar yini, da ma'adanar aiki, wato RAM, wadda ba ta yi ƙanƙanta ba. Google ta ce Lookout na buƙatar fiye da gigabait 2, amma wayar da ke da 4 ta fi kwanciyar hankali, domin TalkBack da kyamara da murya duk a lokaci guda suke aiki. Tecno ko Infinix ko Samsung mai matsakaicin farashi ta isa. Girman fuskar waya ba shi da amfani a nan, kada a biya kuɗinsa.

To, sai masu karatu. Biyu ne suka yi fice, kuma dukansu kyauta ne.

Seeing AI ta kamfanin Microsoft ce, ta fito a 2017 a iPhone, sai a Disambar 2023 ta iso Android. Ɗaya daga cikin waɗanda suka gina ta, Saqib Shaikh, makaho ne tun yana ɗan shekara bakwai, kuma ana jin hakan a tsarinta. Idan ka saita waya kan takarda, za ta faɗa maka cewa gefen sama ko na hagu bai shigo ba, har ka daidaita, sannan ta ɗauki hoton da kanta. Idan kana juya gwangwani kana neman layukan nan na lambar kaya, ƙararta na ƙara sauri yayin da kake kusantarsu. Tana da sashen karanta gajeren rubutu nan take, da na rubutun hannu, da na launi, da wanda za ka koya mata fuskokin mutanen gidanka ta riƙa faɗin sunansu. Akwai kuma wani ƙaramin sashe da ba a cika ambata ba amma yana da daraja a garinmu: na haske, wanda sautinsa ke tashi idan wuri ya yi haske. Da shi wanda ba ya ganin ko da inuwa zai san an kawo wuta, ko ya bar ƙwan ɗaki a kunne.

Lookout ta Google ce, ta fito a 2019, kuma a Android kawai take. Ba ta kai Seeing AI yawan sassa ba, amma don Android aka gina ta tun farko, shi ya sa take tafiya lafiya da TalkBack har a wayoyi marasa ƙarfi sosai. Tana karanta rubutu, tana ɗaukar takarda, tana da sashen da ke faɗin abubuwan da kyamara ke wucewa a kansu, kamar kujera ko ƙofa, da wanda za ka ce ta nemo maka wani abu. Karatun gajeren rubutu a manhajojin biyu yana yiwuwa ba tare da data ba, kuma ga wanda ke zaune inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, wannan ya fi kowace sabuwar ƙwarewa muhimmanci.

Wacce ta fi? Ga mai iPhone babu gardama, Seeing AI ce. Ga mai Android, shawarata a sa su duka, a mayar da Lookout ta yau da kullum don sauƙinta, a bar Seeing AI don doguwar takarda, rubutun hannu da duba haske. Raunin da suka haɗu a kai shi ne sashen gane kaya. Ya dogara ne da rumbun bayanan kayan da aka yi wa rajista, galibi na kasuwannin Turai da Amurka, don haka kayan da ake yi a nan sau da yawa ba ya gane su, na mudu da na ƙulli kuwa ba su da lamba ma. Dabarar ita ce a bar wannan sashe a koma na rubutu, a karanta sunan da ke jikin leda kai tsaye. Ta uku a wannan rukuni ita ce Envision ta ƙasar Holand, wadda ta zama kyauta a 2022. Tana karanta harsuna fiye da 60, har da Larabci, saboda haka ɗalibin da ke fama da littattafan Larabci na bugu, ko Bahaushen Sudan da na Chadi, ya kamata ya gwada ta. Ajamin hannu da rubutun allo dai har yanzu sai mutum.

Rukuni na biyu shi ne ya ja hankalin duniya. Be My Eyes manhaja ce da wani ɗan ƙasar Denmark mai lalurar gani, Hans Jørgen Wiberg, ya kawo tunaninta, ta fara aiki a 2015. A 2023 aka ƙara mata sashen da ake kira Be My AI, wanda aka gina kan GPT-4, ƙirƙirarriyar basirar kamfanin OpenAI. Ka ɗauki hoto, bayan daƙiƙu kaɗan ya ba ka bayani mai tsawo: mace ce zaune a kan tabarma, atamfarta kore ce mai zanen ganye, a gabanta akwai kwano biyu, ɗaya a rufe. Sannan ka ci gaba da tambaya, ka ce wane launi ne mayafin, ko ya dace da atamfar. Hotunan da ake turowa a WhatsApp, na biki da na suna da katin ɗaurin aure, waɗanda a da sai dai makaho ya ji ana ta dariya a kansu, yanzu zai iya tura su can ya ji abin da ke ciki. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Mutumin da ya shekara ashirin bai san yadda falonsa yake a idon baƙo ba, ya samu wanda zai tambaya sau goma ba tare da an gaji da shi ba. Seeing AI da Lookout da TalkBack kanta sun biyo baya da irin wannan siffantawa, amma a wajen yawan bayani da amsa tambaya bayan tambaya, Be My AI ce na fi ba wa fifiko.

Sai dai a nan ne haɗarin yake. Manhajar karatu idan ta kasa, kasawarta a fili take: za ka ji kalmomi a kakkarye, ka san hoton bai fito ba, ka sake. Mai siffantawa kuwa kamar ɗan aiken da ke jin kunyar cewa bai ji saƙo ba yake, sai ya cike gurbin da abin da ya ga ya dace, kuma da murya ɗaya yake faɗin gaskiya da ƙage. Idan lamba ta dusashe a jikin kwalba, yana iya kawo wata lambar da ta yi kama da ita. Mai ido zai duba ya gane, amma wanda aka yi abin dominsa ba shi da hanyar ganewa. Kamfanin da kansa ya yi gargaɗin kada a dogara da shi a kan magani da duk abin da ya shafi tsaron rai. Kuma sai da intanet yake aiki, domin hoton fita yake daga wayarka ya tafi kwamfutocin kamfani. Wannan kaɗai ya isa dalilin kada a ɗauki hoton katin ATM, ko takardar da ke ɗauke da BVN ko NIN.

Asalin aikin Be My Eyes, wato kiran mutum, shi ne rukuni na uku, kuma har yanzu shi ne mafi aminci idan abu ya yi nauyi. Ka danna, kiran bidiyo ya tafi ga masu aikin sa-kai da ke jin harshen da ka zaɓa, wanda ya fara ɗauka ya gani ta kyamarar bayan wayarka, ya faɗa maka abin da yake gani. Masu sa-kan miliyoyi ne, sun ninka makafin da ke amfani da manhajar sau da yawa, a harsuna fiye da 180. Mai ɗaukar kiran ba ya ganin lambar wayarka. Mutum zai ce maka matsa hagu, kunna fitila, juya kwalbar, wannan lambar ba ta fito ba, abin da na'ura ba ta cika yi ba. Kuɗinsa data ne, domin bidiyo ya fi hoto ci nesa ba kusa ba, kuma yana son sabis mai ƙarfi. Akwai kuma maganar sirri, musamman ga mata: ba kowace matar aure za ta so baƙon namiji ya leƙa cikin ɗakinta ba, ko da fuskarta ba ta fito ba. Manhajar tana ba da damar kafa rukunin mutanen da ka yarda da su, 'yan uwa da abokai, kira ya tafi gare su kawai, wanda ke da sarari ya ɗauka. Wannan ya fi kiran mutum ɗaya a WhatsApp kullum har ya fara jin nauyi. Ga masu ido da ke karanta wannan, yin rajista a matsayin mai sa-kai da zaɓar Hausa ba ya cin minti biyar, kuma dattijon da ba ya jin Turanci yawan masu Hausa ne ke rage masa jira.

Harshe shi ne babban gibin da ke tsakaninmu da waɗannan kaya. Kyamara na iya ɗauko haruffan boko na Hausa, amma muryar da ke furta su a yawancin wayoyi ta Turanci ce, ko ta Faransanci a Nijar, sai ta markaɗa kalmomin, ƙ da ɗ da ɓ kuwa ko ta tsallake su ko ta mayar da su wani abu. Makafin da suka daɗe da waya kunnensu ya saba, suna ganewa, amma sabon shiga zai sha wahala. Za ka iya rubuta wa Be My AI tambaya da Hausa ya amsa da Hausa, ko da yake Hausar tasa kan yi tuntuɓe, sai dai muryar wayar ce dai za ta karanta amsar. An samu ci gaba ta ɓangaren shigar da magana, domin a 2024 Google ta sa Hausa cikin harsunan Afirka da za a iya yi wa waya magana da su ta rubuta. Wanda ke jin Turanci, Faransanci ko Larabci zai ci moriyar kusan komai. Wanda Hausa kaɗai yake ji, kiran mutum ne ya fi yi masa amfani a yanzu, kuma gaskiya ce da ya kamata a faɗa wa iyali kafin su kashe kuɗi.

Kuɗi ma haka. Sashen gane takardun kuɗi na Lookout an yi shi ne don dala, yuro da rupee na Indiya, na Seeing AI ya ƙara wasu kamar fam da yen, ba don naira ko sefa aka gina su ba. Ana iya amfani da sashen rubutu a ji lambar da ke jikin takardar, amma tsohuwar takarda da ta sha hannu da manja tana ba shi wahala, ga kuma tsofaffi da sabbin 200, 500 da 1000 da ke yawo tare tun sauyin 2022. Akwai manhajoji na musamman na kuɗi, kamar Cash Reader, mai gane kuɗaɗen ƙasashe fiye da 100 ba tare da intanet ba, sai dai cikakken aikinta biya ake yi. Kafin a biya, a gwada ta da takardun da ke aljihu a gaban mai ido. A wajen mai POS kuwa, saita sashen gajeren rubutu kan fuskar na'urar a ji adadin kafin a danna lambar sirri ya fi siffantawa aminci, kuma saƙon banki da TalkBack ta karanta maka a wayarka shi ne shaida.

Yanzu tabarau. Amfaninsu ɗaya ne, amma babba ne: hannu. Mai riƙe da sanda a dama, waya a hagu, ba shi da hannun buɗe ƙofa ko riƙe yaro, ga fargabar masu ƙwacen waya a kan titi. Kyamarar da ke kan fuska tana kallon inda ka juya.

OrCam MyEye ta ƙasar Isra'ila ƙaramar na'ura ce da ake maƙalawa a hannun tabarau. Tana karatu da gane fuska ba tare da intanet ba, wanda ya dace da yanayinmu, amma farashinta ya haura dala 3,000, kuma a 2024 kamfanin ya rage ma'aikata ya karkata ga na'urorin ji. Tabaran Envision an gina su ne kan Google Glass, wanda Google ta daina sayarwa a Maris ɗin 2023, kuma su ma kuɗinsu ya fara ne daga kusan dala 2,000. Ray-Ban Meta, waɗanda suka fito a ƙarshen 2023 a kan dala 299, ba don makafi aka yi su ba, amma makafi a Amurka da Birtaniya sun rungume su saboda araha da kuma kamarsu da tabarau na kowa, kuma a 2024 aka haɗa su da kiran masu sa-kai na Be My Eyes. Sai dai suna buƙatar waya da intanet a kowane lokaci, batirin na farkon awa huɗu ne ko ƙasa da haka, sun fi karkata ga taƙaita takarda maimakon karanta ta kalma bayan kalma, kuma kamfanin Meta ƙasa bayan ƙasa yake buɗe ayyukansu. Wanda aka kawo wa su tsaraba daga waje yana iya tarar da abin da ya saye su dominsa ba ya aiki a inda yake. Duka ukun, idan suka faɗi suka fashe, babu mai gyaransu a Farm Centre ta Kano ko kasuwar waya ta garinku. Waya kuwa ko'ina akwai mai gyara. Da kuɗin OrCam ɗaya za a sayi waya mai kyau, da kwamfutar tafi-da-gidanka a sa mata NVDA, manhajar karanta fuskar kwamfuta ta kyauta da wasu makafi biyu 'yan Ostireliya suka gina, da ƙaramin sola na caji, da datar shekaru, kuma canji ya rage. Madaurin rataya waya a ƙirji da abin saƙalawa a kunne ɗaya suna ba da rabin amfanin tabarau a kan kuɗi kaɗan. Kunne ɗaya nake nufi, domin ɗayan na jin babur da a-daidaita-sahu ne.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke maye gurbin sanda. Siffantawa na ɗaukar daƙiƙu, buɗaɗɗiyar kwata kuwa taku ɗaya ce. Sanda mai na'ura irin WeWALK ta Turkiyya tana gargaɗi kan abin da ke daidai ƙirji da kai, kamar rumfar shago ko reshe, amma ramin ƙasa bakin sanda ne dai ke gano shi, kamar na kowace farar sanda, kuma kuɗinta ɗaruruwan daloli ne.

Ɗalibi ko ma'aikacin ofis, takarda ce rayuwarsa: Seeing AI ko Envision a waya, NVDA a kwamfuta, Be My AI don zane da jadawalin da karatu kaɗai ba ya fayyacewa. Ɗan kasuwa ya fi buƙatar Lookout don sauri, da manhajar kuɗi da ya gwada ya tabbatar. Uwar gida za ta fi amfana da siffantawa wajen kaya da launi da hotunan 'yan uwa, da rukunin mutanenta don maganin yara. Tsohon da ido ya tafi masa da girma, bai yi boko ba, kada a cika masa waya da manhajoji biyar. A koya masa ɗaukar kira da tura saƙon murya, a sa masa maɓallin kiran rukunin 'ya'yansa da jikoki. Mai sauran gani kaɗan kuma ya fara da gilashin ƙara girma da ke cikin wayar da manyan haruffa, sau da yawa ba ya buƙatar abin da ya wuce haka. Tabarau na wanda ya riga ya ƙware da waya ne, yana da intanet tsayayye, yana jin Turanci, kuma ya samu ya gwada su a garinsa kafin a biya. Magani kuwa, ko wane rukuni mutum yake, a sa mai kemis ko wani na gida ya karanta shi tun ranar da aka saya, a ɗaura wa kowace kwalba alamar da hannu ke ganewa, roba ɗaya na safe, biyu na dare.